Ɓangaren DEFAULT a PostgreSQL: tambayoyi da amsoshi kan rubuta umarnin da kula da shi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan fitowa daga masu kula da rumbun bayanai a Abuja, musamman waɗanda teburinsu ya kumbura har suka fara tsaga shi ɓangare-ɓangare. Misalan duka na PostgreSQL ne, wato manhajar rumbun bayanai, sai inda aka ambaci wani rumbun. Tebura biyu za a riƙa kawowa: `biya`, wanda aka tsaga wata-wata bisa ginshiƙin `lokaci`, da `rajista`, wanda aka tsaga bisa ginshiƙin `hukuma`.

1. Mene ne ɓangaren DEFAULT, kuma me yake yi?

Kowane ɓangare na teburin da aka tsaga yana da iyakarsa. Idan layi ya zo, PostgreSQL zai duba ƙimar ginshiƙin da aka tsaga da shi, ya kai shi ɓangaren da ya dace. Idan babu wanda ya dace, sai ya ƙi karɓa da saƙon `no partition of relation "rajista" found for row`. Ɓangaren DEFAULT shi ne ke karɓar irin wannan layin da kowa ya ƙi.

Ɗauki `rajista`. Ka yi ɓangare shida, ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma ta Babban Birnin Tarayya: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A takarda lissafi ya cika. Amma wanda ke aiki a Wuse yana kwana a Mararaba zai rubuta Karu, wadda ke Jihar Nasarawa, na Suleja ya rubuta tasa ta Jihar Neja, wani kuma ya buga `amac` da ƙananan baƙaƙe ko `Abuja` kawai. Duk waɗannan ko dai a mayar da su, ko su faɗa DEFAULT.

2. Daga wace siga ake samun sa?

Daga PostgreSQL 11, wadda ta fito a Oktoban 2018. Siga ta 10, ta Oktoban 2017, ita ce ta kawo `PARTITION BY` da nau'o'in RANGE (tsagawa daga wata iyaka zuwa wata, kamar `biya`) da LIST (tsagawa bisa jerin ƙimomi, kamar `rajista`), amma ba ta san DEFAULT ba. Buga `SHOW server_version;` kafin ka fara zargin rubutunka.

3. Yaya ake rubuta umarnin daidai?

Hanya biyu ce. Ko ka ƙirƙiri sabon ɓangare, ko ka liƙa teburin da ke nan tuni:

```
CREATE TABLE rajista_saura PARTITION OF rajista DEFAULT;
ALTER TABLE rajista ATTACH PARTITION tsohon_tebur DEFAULT;
```

Kalmar `DEFAULT` tana zama ne a gurbin da `FOR VALUES ...` ke zama a sauran ɓangarori. Ko wannan ko wancan, ba a haɗa su. Saboda haka `FOR VALUES DEFAULT` da `FOR VALUES IN (DEFAULT)` da `DEFAULT PARTITION OF rajista` duk PostgreSQL ba zai karɓe su ba. Wanda ya fi su haɗari shi ne wanda yake karɓa: `FOR VALUES IN ('DEFAULT')`. Wannan zai wuce lafiya lau, amma abin da ka samu ɓangare ne na layukan da aka rubuta baƙaƙen nan bakwai a ginshiƙinsu, ba mai karɓar saura ba. Ba za ka farga ba sai ranar da mutumin Karu ya zo rajista.

4. Me ya sa ba a sa shi cikin `FOR VALUES IN (...)` ba, tunda ya fi kama da 'yan uwansa?

Kamar ta ido ce kawai. Abin da ke cikin bakan `IN (...)` jerin ƙimomi ne da ake gwada layi da su, ɗaya bayan ɗaya. DEFAULT kuwa ba ƙima ba ce. Iyakarsa ita ce duk abin da sauran ba su ɗauka ba, kuma tana canzawa da kanta: ka ƙara ɓangaren Karu yau, iyakar DEFAULT ta ragu ba tare da ka taɓa shi ba. Sanya shi cikin jerin ƙimomi zai ɓoye wannan halin nasa, zai kuma buɗe ƙofa ga rubutu marar ma'ana irin `IN ('Kuje', DEFAULT)`, wanda dole a zo a ƙirƙiro wata doka ta hana shi.

Na biyu, kalmar tana da aikinta a cikin baka tun da daɗewa. A `INSERT INTO rajista VALUES (DEFAULT, ...)` ma'anarta ita ce ƙimar da aka tanadar wa ginshiƙi idan ba a ba shi komai ba. A ce ginshiƙin `hukuma` an tanadar masa `'AMAC'`. Wanda ya ga `FOR VALUES IN (DEFAULT)` yana da hujja idan ya ɗauka ɓangaren AMAC ake nufi, alhali akasin haka ne.

Na uku, kuma a ganinmu shi ya fi nauyi, shi ne RANGE. Can ana rubuta `FOR VALUES FROM (...) TO (...)`, babu wani gurbi da DEFAULT zai shiga ya yi ma'ana. Daga DEFAULT zuwa ina? Da an bi hanyar baka, da an buƙaci rubutu ɗaya na LIST, wani daban na RANGE. Kalma ɗaya tsirara tana aiki ga nau'o'in biyu, a `CREATE` da `ATTACH` duka, kuma ita ce dai `\d+` (umarnin duba tsarin tebur a psql, manhajar buga umarni ta PostgreSQL) da `pg_dump` (manhajar kwafe rumbu zuwa fayil) ke nuna maka. Abin da ka rubuta shi za ka karanta daga baya.

5. Na saba da Oracle ko MySQL. Can yaya abin yake?

Oracle ya bi hanyar baka: a LIST ana rubuta `PARTITION saura VALUES (DEFAULT)`, a RANGE kuma `VALUES LESS THAN (MAXVALUE)`. Ga rubutu biyun nan da aka ambata a tambaya ta 4. Idan kana da ɓangaren DEFAULT a Oracle ba ka ƙara sabo da `ADD PARTITION`, zai ba ka ORA-14323, sai dai ka tsaga DEFAULT ɗin da `SPLIT PARTITION`.

MySQL yana da `MAXVALUE` a RANGE, amma LIST ɗinsa ba shi da mai karɓar saura, kuskure mai lamba 1526 za ka gani. MariaDB ta ƙara `PARTITION saura DEFAULT` ga LIST daga siga 10.2. SQL Server kuwa ba ya buƙatar sa, domin iyakoki kake ba shi: iyaka 12 ta ba ka ɓangare 13, na farko da na ƙarshe suna buɗe. Idan kana kwaso rubutun tsaga tebur daga ɗayan waɗannan zuwa PostgreSQL, wannan sashen sai ka sake rubuta shi da hannu.

6. A RANGE, me ya raba DEFAULT da `TO (MAXVALUE)`?

`FROM ('2025-04-01') TO (MAXVALUE)` ɓangare ne kamar kowane, iyakarsa a tsaye take. Yana karɓar abin da ke gaba ne kawai. Ba ya karɓar tsohon kwanan wata, ba ya cike giɓin da ka bari tsakanin wata biyu, ba ya karɓar NULL, wato gurbin da babu ƙima a cikinsa. DEFAULT yana karɓar ukun duka.

Wurin ƙara sabon wata ma sun bambanta. Da MAXVALUE, ƙirƙirar ɓangaren Afrilu zai faɗi da saƙon `would overlap partition` ko da babu layi ko ɗaya a ciki, sai ka cire shi ka sake liƙawa da sabuwar iyaka. Da DEFAULT, muddin babu layin Afrilu a cikinsa, umarnin zai wuce. Idan akwai, duba tambaya ta 9.

7. Ina NULL ke zuwa?

A RANGE, babu ɓangare mai iyaka da ke karɓar NULL, don haka sai DEFAULT, idan babu shi kuma a ƙi layin. A LIST kana iya ba shi nasa gida da `FOR VALUES IN (NULL)`, ɓangare ɗaya tak ke da wannan damar. Idan ba ka yi ba, shi ma DEFAULT zai tafi. Wanda ya fito daga MySQL ya kula, domin can NULL yana faɗawa ɓangare mafi ƙasa ne a RANGE.

Mafi sauƙi shi ne ka sa `NOT NULL` a ginshiƙin tun farko. Idan teburin yana da `PRIMARY KEY` an gama, tunda dole ginshiƙin da aka tsaga da shi ya kasance a cikinsa, kuma hakan na hana NULL.

8. Zan iya yin biyu? HASH fa?

Ɗaya tak ga kowane teburin da aka tsaga. HASH, nau'in tsagawa na uku da ke rarraba layuka bisa lissafin ƙimarsu, ba ya karɓar DEFAULT ko kaɗan. Amma DEFAULT ɗin kansa ana iya tsaga shi, misali `CREATE TABLE rajista_saura PARTITION OF rajista DEFAULT PARTITION BY RANGE (lokaci);`, shi ma ya samu nasa DEFAULT a ƙarƙashinsa. Yana yiwuwa, sai dai idan har saura ta yi yawan da take buƙatar tsagawa, tsarin na sama ne ke son gyara.

9. Na zo ƙirƙirar ɓangaren Maris, sai ga `updated partition constraint for default partition ... would be violated by some row`. Me ya faru?

Layukan Maris sun riga ka. Ba ka yi ɓangaren da wuri ba, wata ya kama, biyan kuɗi suka ci gaba da shigowa suna taruwa a `biya_saura`, ɓangaren DEFAULT na `biya`. Yanzu da ka zo yin ɓangaren Maris, iyakar DEFAULT za ta ragu ta fitar da Maris, alhali ga layukan Maris zaune a ciki. PostgreSQL ba ya kwashe maka su, ƙin umarnin yake yi.

Nan ne ake gane tsadar DEFAULT. Da babu shi, da ƙarfe goma sha biyun daren 1 ga wata kuskure zai tashi kowa ya sani. Da shi kuwa komai na tafiya shiru, sai bayan mako biyu ko uku a tarar da aikin kwasa. Yadda ake kwasar yana tambaya ta 10, yadda ake hango shi tun da wuri yana ta 13.

10. To yaya zan kwashe layukan zuwa inda ya dace?

Idan layukan ba su da yawa, yi komai a dunƙule ɗaya tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`. PostgreSQL yana iya janye ƙirƙirar tebur ma idan wani abu ya ɓaci a tsakiya.

```
BEGIN;
SET LOCAL lock_timeout = '5s';
LOCK TABLE biya_saura IN ACCESS EXCLUSIVE MODE;
CREATE TABLE biya_2025_03 (LIKE biya INCLUDING ALL);
WITH k AS (
  DELETE FROM biya_saura
  WHERE lokaci >= '2025-03-01 00:00+01' AND lokaci < '2025-04-01 00:00+01'
  RETURNING *)
INSERT INTO biya_2025_03 SELECT * FROM k;
ALTER TABLE biya ATTACH PARTITION biya_2025_03
  FOR VALUES FROM ('2025-03-01 00:00+01') TO ('2025-04-01 00:00+01');
COMMIT;
```

Kada ka tsallake layin `LOCK`. In ba shi, tsakanin gogewa da liƙawa wani sabon biyan Maris zai iya faɗawa `biya_saura`, sai `ATTACH` ya faɗi da saƙon nan na tambaya ta 9, aikin duka ya koma baya. Ka kuma duba ko akwai teburin da ke nuni zuwa `biya` da `ON DELETE CASCADE`, domin `DELETE` ɗin nan gogewa ce ta gaske a wurinsa, zai bi ya share nasa layukan. Haka duk wani `TRIGGER` na gogewa zai tashi. Idan layukan miliyoyi ne, masu biya za su tsaya jira har a gama, don haka a zaɓi tsakar dare, ko a kwashe kaɗan-kaɗan da sanin cewa waɗanda aka kwashe ba za su bayyana a `biya` ba sai an liƙa.

Na `rajista` da kuskuren rubutu ya fi sauƙi. `UPDATE rajista SET hukuma = 'AMAC' WHERE hukuma = 'amac';` zai ɗauke layukan da kansa zuwa ɓangaren AMAC, tun daga siga ta 11. Amma ta kan uwar tebur, wato `rajista` kansa, za ka yi shi. Idan ka yi kai tsaye a kan `rajista_saura` zai ƙi.

11. Babu layin sabon watan a DEFAULT, amma umarnin yana daɗewa yana tsare kowa. Me ya sa?

Domin PostgreSQL bai san babu ba sai ya duba. Duk lokacin da aka ƙara ɓangare, yana karanta DEFAULT daga farko zuwa ƙarshe, yana riƙe da kullen `ACCESS EXCLUSIVE` a kansa, wanda ke hana karatu da rubutu duka. Idan DEFAULT fanko ne, ƙiftawar ido. Idan ya zama ɗakin shirgi na shekara uku, sai abin da hali ya yi.

Ana kauce wa wannan karatun da sharaɗin da ke tabbatar masa tun kafin ya tambaya. Ka sa wa `biya_saura` `CHECK (lokaci < '2025-05-01 00:00+01' OR lokaci >= '2025-06-01 00:00+01') NOT VALID`, sannan ka bi da `VALIDATE CONSTRAINT`, wanda ke dubawa ba tare da hana shiga da fita ba. Daga nan ka liƙa ɓangaren Mayu, ka goge sharaɗin. Ka tuna daga lokacin da ka sa shi zuwa lokacin liƙawa, duk layin Mayu da ya zo za a ƙi shi, don haka dabarar ta watan da bai kama ba ce.

Akwai kuma bambanci a kan uwar tebur. `CREATE TABLE ... PARTITION OF` yana kulle ta gaba ɗaya. `ATTACH PARTITION` kuwa, daga siga ta 12 ta 2019, kulle mai sauƙi yake mata, `SHARE UPDATE EXCLUSIVE`. A teburin da ba ya barci, ƙirƙira daban sannan a liƙa ya fi. A kowane hali ka sa `lock_timeout`, domin idan umarninka ya tsaya jiran wani dogon rahoto, duk masu zuwa bayansa za su yi layi a bayanka.

12. Na yi duk watanni, amma har yanzu wasu layuka na faɗawa DEFAULT. Daga ina?

Fara da iyakokin. `FROM` yana ciki, `TO` yana waje. Wanda ya rubuta `TO ('2025-02-28')` yana nufin ƙarshen Fabrairu ya bar ranar 28 gaba ɗaya babu mai karɓa. Daidai shi ne `TO ('2025-03-01')`, wato ƙarshen wannan shi ne farkon na gaba, harafi da harafi.

Wanda ya fi ɓuya shi ne na agogo. Idan ginshiƙin `timestamptz` ne kuma ka rubuta kwanan wata tsirara, PostgreSQL yana fassara shi da agogon zaman da aka buga umarnin. Najeriya tana gaban UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, da awa ɗaya. A ce an yi Fabrairu daga kwamfutar ofis mai `Africa/Lagos`, Maris kuma wani aiki mai sarrafa kansa ya yi shi a sabar da ke kan UTC. Fabrairu zai ƙare ƙarfe 12 na daren Abuja, Maris ya fara ƙarfe 1. Awa ɗayan nan ba ta kowa ba ce, duk wanda ya biya kuɗi a cikinta yana DEFAULT. Idan aka juya, sai ka samu `would overlap`, wanda aƙalla yana yin ƙara. Maganin shi ne `+01` a kowace iyaka, kamar a misalan sama.

Sauran daga na'urori suke. Waya ko na'urar POS da agogonta ya koma baya bayan batir ya mutu tana iya turo 1 ga Janairun 1970, ko wani tsohon kwanan wata na masana'anta. Waɗannan ba sabon ɓangare suke buƙata ba, gyara suke buƙata a manhajar da ta karɓi lokacin na'ura ba tare da tantancewa ba.

13. Yaya zan san abin da ke taruwa a ciki?

`\d+ biya` a psql zai jera ɓangarorin ya nuna wanda ke DEFAULT. Daga manhaja kuma, `SELECT partdefid::regclass FROM pg_partitioned_table WHERE partrelid = 'biya'::regclass;`. Don sanin inda wani layi ya zauna, ƙara `tableoid::regclass` a `SELECT` ɗinka.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, sai a wajen wanda zai riƙa dubawa. Ka sa aiki na kullum da ke ƙirga layukan `biya_saura` ya aiko da saƙo idan sun wuce sifili. Ga `rajista`, `SELECT hukuma, count(*) FROM rajista_saura GROUP BY 1 ORDER BY 2 DESC;` zai nuna maka ko Karu ta kai ta samu nata ɓangaren. Masu amfani da pg_partman, ƙarin manhaja mai kula da ɓangarori a PostgreSQL, suna da `check_default()` don wannan duban, da `partition_data_proc` don kwasa. Ko da wane kayan aiki, ka riƙa ƙirƙirar watanni uku ko huɗu gaba, don hutun sallah ko mutuwar aikin dare kada su zama matsala.

14. Yana rage gudun nema?

Idan sharaɗin `WHERE` ɗinka ya faɗa cikin watannin da ke da ɓangare, ana tsallake DEFAULT kamar kowane. Ana shiga cikinsa ne idan abin da ka nema ya taɓa wurin da babu mai shi. Shi ya sa `lokaci >= '2025-03-01'` marar iyakar sama kullum sai ya leƙa DEFAULT, tunda gaba a buɗe take. `EXPLAIN` zai nuna maka. Kafin siga ta 15, kasancewar DEFAULT kaɗai na hana a karanta ɓangarorin RANGE bi da bi don `ORDER BY lokaci`. Daga ta 15, ta 2022, ana iya yi idan an tsallake shi tun wajen tsara neman.

15. Gaskiya, in yi shi ko in bari?

Tambayi kanka wanne ya fi muni, a ƙi layi ko a ajiye shi a wurin da ba nasa ba. Ga bayanan da ke zuwa sau ɗaya ba sa dawowa, kamar sanarwar biya daga waje ko rajistar da ake turowa daga ƙauyukan Kwali da Abaji inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ƙin layi asara ce. A yi DEFAULT, a sa masa ido kamar yadda ke tambaya ta 13. Ga LIST da mutane ke cikawa da hannu ma yana da amfani, ko da yake jerin zaɓi a fom ya fi shi magance matsalar.

Ga teburin da manhajarka ce kaɗai ke rubutawa, kuma tana sake gwadawa idan an ƙi, mun fi son a bar shi. Kuskuren yana zuwa da lambar SQLSTATE 23514, manhaja na iya kama shi ta sanar. Ka huta da tambaya ta 9 da ta 11, ka kuma samu damar da ke tambaya ta gaba.

16. `DETACH PARTITION ... CONCURRENTLY` ya ƙi aiki. Da hannun DEFAULT a ciki?

Ƙwarai. Wannan zaɓin, da ya zo a siga ta 14 a 2021, yana ba ka damar cire tsohon wata ba tare da tsare teburin ba, amma ba ya aiki idan teburin yana da DEFAULT. Ko ka yi `DETACH` na yau da kullum, mai kulle uwar tebur na ɗan lokaci, ko ka rabu da DEFAULT ɗin.

Idan rabuwar ka zaɓa, `ALTER TABLE biya DETACH PARTITION biya_saura;` zai mayar da shi tebur mai zaman kansa da layukansa a ciki. `DROP TABLE biya_saura;` kuwa zai tafi da su ba tare da tambaya ba, ka ƙirga tukuna. Ka kuma lura da wani abu idan ka riƙe DEFAULT kana cire tsofaffin watanni: da zarar ka cire Janairun 2023, iyakarsa ta koma hannun DEFAULT, duk wani layin wancan watan da ya makara zai shiga can, kuma ba za ka iya mayar da tsohon ɓangaren ba sai ka fitar da layin ta hanyar tambaya ta 10.